Basir Mai Tsiro Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

Yau za mu taɓo wata magana wadda yawancinmu ba ma son a ji ta daga bakinmu, watau basir mai tsiro. Mace za ta haihu, bayan suna sai ta ji wani nama yana leƙowa in ta zaga bayan gida, wani lokaci har da jini. Maimakon ta gaya wa malamar asibiti, sai ta yi gum, ranar kasuwa ta aiki yaro ya sayo mata magani a ɓoye.

Ku da ke Bagudo, da Illo, da Kaoje, da Tsamiya, kun fi kowa sanin magungunan da ke ƙetarowa daga Jamhuriyar Benin, ɗauke da rubutun Faransanci wanda sau da yawa mai tallar ma bai iya karantawa ba. Idan aka nuna miki 'yan ƙwayoyi farare masu zaƙi, aka ce homiyofati ne, to ki san abin da za ki saya. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya fito da wannan hanya a 1796. Akan sirka magani da ruwa, a yi ta sake sirkawa har ya zama kusan ruwa zalla, sannan a ɗiga shi a kan ƙwayar sukari. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta duba, ba ta sami cuta ko ɗaya da aka tabbatar yana warkarwa ba. Faransa, inda ake shan sa ƙwarai, ta daina biya wa jama'a kuɗinsa tun 2021.

Shi basir jijiyoyin jini ne na dubura da suka kumbura. Taurin bayan gida, da yawan yunƙuri, da nauyin ciki, da naƙuda su ne ke turo shi waje. Saboda haka gyaran daga tukunya yake farawa. Allah ya ba mu shinkafa a Kebbi, amma farar shinkafa da mai safe da dare ba ta sakin ciki. Ki haɗa da wake, da kwaɗon zogale ko rama, da miyar kuɓewa, da gwanda in an samu. Ki sha ruwa da yawa, musamman da bazara. Kada ki daɗe a tsugune, kada kuma ki matsa. Zama cikin ruwan ɗumi kamar minti 15 yana rage zogi. Ɗumi na ce, ba tafasasshen ruwan jego ba. Mai juna biyu da ƙwayar ƙarin jini ke ɗaure wa ciki ta gaya wa masu awo, kada ta watsar da ita.

Ku kuma 'yan makarantar kwana, ku daina riƙe bayan gida don ƙyamar masai. Nan ne abin yake somawa.

Amma idan tsiron ba ya komawa sai an tura shi, ko ya ƙi komawa sam, ko ya yi baƙi yana azabar ciwo, ko jini ya ƙi tsayawa, abinci kaɗai ba zai isa ba. Jini kuwa ba kullum ne basir ba, yana iya zama kansar hanji, kuma likita ne kawai zai bambance. Ki gaya wa maigida ya kai ki asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Birnin Kebbi. Wani basir ɗin da 'yar roba ake ɗaure shi ya bushe ya faɗi, a sallame ki a ranar. In kunyar likita namiji ce ke hana ki, ki roƙa a sa malama mace ta tsaya tare da ke.