Matambayi Ba Ya Ɓata: Sanin Hanya a Doguwar Tafiyar Keke

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce matambayi ba ya ɓata. Maganar gaskiya ce, sai dai tana da sharuɗɗa biyu waɗanda ba a cika ambatawa ba. Na farko, sai matafiyi ya yi tambayar. Na biyu, sai ya sami wanda zai ba shi amsa cikakkiya. Wannan maƙala za ta auna waɗannan sharuɗɗa a kan wani wasa da ya yi ƙarfi a ƙasashen Turai, watau doguwar tafiyar keke wadda ƙungiya kan shirya, inda mahaya kan ci ɗaruruwan kilomitoci dare da rana bisa hanyar da aka tsara musu. Ra'ayin da za a kare shi ne, bayanin hanya hakki ne na mahayi a wuyan masu shirya tafiya, nazarinsa kuma wajibi ne a kan mahayin, kuma layin da na'ura ke nunawa bai sauke wa ko ɗaya daga cikinsu nauyinsa ba.

Tafiyar Faris zuwa Brest

Misalin da ya fi dacewa a ɗora magana a kansa shi ne tafiyar nan ta ƙasar Faransa da ake kira Paris-Brest-Paris. A shekarar 1891 ne Pierre Giffard, na jaridar Le Petit Journal, ya shirya tsere daga birnin Faris zuwa Brest, wani gari na gaɓar teku a can ƙuryar yammacin ƙasar, a kuma juyo zuwa Faris, tafiyar kimanin kilomita 1,200. Charles Terront ne ya zo na ɗaya, cikin awa 71 da 'yan mintoci. Tseren ƙwararru ya tsaya daga na shekarar 1951, amma tafiyar masu sha'awa, wadda aka soma a 1931, tana nan da ranta. Ƙungiyar Audax Club Parisien ke gudanar da ita bayan shekara huɗu-huɗu, kuma a 2019 da 2023 daga garin Rambouillet aka tashi, da dubban mahaya daga ƙasashe masu yawa.

A wannan tafiya abin nema shi ne kammalawa cikin wa'adi, wa'adi mafi tsawo kuwa awa 90 ne, har da lokacin cin abinci da barci da gyaran faci. Kafin a karɓi mutum sai ya kammala tafiye-tafiyen gwaji guda huɗu a cikin shekarar: kilomita 200 cikin awa 13 da rabi, 300 cikin awa 20, 400 cikin awa 27, da 600 cikin awa 40. Kowane mahayi yana ɗauke da kati, a kan hanya kuma akwai zanguna, irin su Fougères da Loudéac da Carhaix, inda za a buga masa hatimi a rubuta lokacin isowarsa. Kowane zango yana da lokacin buɗewa da na rufewa. Bugu da ƙari akan kafa zangon ɓoye wanda ba a faɗi wurinsa ba, domin kama masu yanke.

Wannan tsanani yana da dalili. A tseren Tour de France na shekarar 1904 an zargi waɗansu mahaya da hawa jirgin ƙasa da mota, har hukumar wasan ta soke sakamakon mutum huɗu na farko, ciki har da Maurice Garin wanda ya zo na ɗaya, ta miƙa nasara ga Henri Cornet wanda ya zo na biyar. Darasin shi ne, hanya ita ce wasan. Wanda ya isa ƙarshe ta wata hanya daban bai yi tafiyar da 'yan'uwansa suka yi ba.

Farashin Ɓata

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna abin da ɓata kan jawo. Wanda ke da awa 90 a kan kilomita 1,200 dole ne matsakaicin tafiyarsa ya haura kilomita 13 a kowace awa, dare da rana, ko yana bisa keke ko yana kwance. Barcinsa duka daga rarar da ya tara yake fitowa. Idan ya kauce a wata mararraba ya yi kilomita 10 kafin ya farga, sai ya sake cin 10 ɗin kafin ya komo kan hanya. Ga mai tafiyar kilomita 20 a awa, awa guda ke nan ta salwanta, kuma daga barcinsa za a cire ta. Mai keke da barci ya ci ƙarfinsa kuwa haɗari ne ga kansa da duk wanda ke kusa da shi, balle ma a kan gangara cikin duhu. In kuwa kaucewar ta sa ya tsallake zango, ko ya tarar an rufe, to, horon shekara guda da kuɗin jirgi da na masauki suna iya tashi a banza. Daɗin daɗawa, masu wa'adin awa 90 da yamma suke tashi, saboda haka daren farko ma a kan hanya suke yinsa, lokacin da ido ba ya hango alama daga nesa.

Nauyin Masu Shirya Tafiya

Tun da haka abin yake, bai isa ƙungiya ta faɗi sunan garin tashi da na sauka da jimillar kilomitoci ta ce ta yi bayani ba. Cikakken bayanin hanya ya ƙunshi taswira, da jerin garuruwa da nisan da ke tsakaninsu, da kowace kwana da mararraba a rubuce, da wuraren hawa da gangara. Ya ƙunshi zanguna da lokutansu, da abin da za a samu a kowanne na abinci da makwanci da mai gyaran keke. Ya kamata kuma ya faɗi inda hanya ta lalace, da inda manyan motoci suka yi yawa, da tazarar da mutum zai ci bai ga kanti ko famfo ba. Mahayin da ya san cewa kilomita 80 ke tsakaninsa da zango na gaba, kuma cikin dare zai ci su, zai cika gorarsa ya sa abinci a aljihu. Wanda bai sani ba sai yunwa ta sanar da shi.

Wajibi ne kuma bayanin ya fito da wuri, ya zauna a wuri guda sananne, da kwanan wata a jikinsa. Hanya kan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda aikin titi ko sharaɗin hukuma. Idan ƙungiya ta yi jinkiri, mahaya za su shiga neman bayani wurin waɗanda suka yi tafiyar baya, su kwafi tsohuwar taswira suna zaton sabuwa ce. Daga nan sai ka ga mutum goma da hanya uku, kowa yana rantsuwa tasa ce daidai. Jinkirin ya fi cutar baƙo, domin ɗan gari yana iya fita ranar hutu ya zagaya ya gani da idonsa, amma wanda zai taso daga Indiya ko Birazil ba shi da abin dogara sai takarda. Ko baƙo da manyan idanu, ba ya ganin gari.

Nauyin Mahayi

A yau yawancin mahaya kan ɗora hanyar a na'urar GPS su ɗaure ta a kan keke, tana nuna layi tana ƙara idan an kauce. Babu mai musun amfaninta, ta rage ɓata ƙwarai da gaske. Amma batir kan ƙare, ruwan sama kan shiga, na'ura kan daskare a tsakiyar dare. Abin da ya fi wannan muni shi ne, layin yana nuna kwanar da ke gaba ne kurum, ba ya dasa siffar tafiyar a zuciya. Wanda ya zauna da taswira da takardar hanya ya karanta su, ya haddace jerin garuruwan da zai ratsa, shi ne zai gane ya kauce tun daga allon farko da ya ga sunan garin da ba ya cikin jerin. Wanda bai karanta ba, da zarar na'ura ta mutu ya zama makaho ba sanda.

Haka zancen kibiyoyi yake. Ana kafa kibiyoyin nuna hanya a tafiyar Brest, amma kibiya kan faɗi, wani kan cire ta ya tafi da ita gida don tunawa, gajiyayyen ido kuma kan wuce ta. Abin da ya fi kowanne ruɗi kuwa shi ne bin fitilar na gaba. Ko ƙwararru ba su tsira ba. A Tour de France na 1988, a kan hawan Guzet-Neige cikin duwatsun Pyrénées, saura 'yan ɗaruruwan mitoci a gama, Philippe Bouvatier da ke gaba ya shiga kwanar da aka ware wa motoci, na biye da shi ya bi shi, sai Massimo Ghirotto da ke bayansu ya miƙe ya ci tseren ranar. In wannan ya faru da rana tsaka, a hanyar da aka tsare, ina ga mai sha'awa da ƙarfe uku na dare a ƙauyukan yammacin Faransa, yana bin wata jar fitila wadda mai ita ma wani yake bi?

Abin da Masu Suka Ke Cewa

Waɗansu kan ce idan an shimfiɗa wa mutum kome a takarda, armashin tafiya ya tafi, domin daɗinta shi ne gamuwa da abin da ba a zata ba. Amsa ita ce, iska da ruwan sama da ciwon gwiwa da barci sun isa abin mamaki, kuma babu taswirar da ta taɓa rage su. Wanda ke son ya zana hanyarsa da kansa yana da fagensa. Tseren Transcontinental, wanda Mike Hall ya kafa a 2013, aka soma daga Landan zuwa Istambul, kowane mahayi ne ke tsara hanyarsa tsakanin zanguna. Amma ko a can ana sanar da zangunan da sassan hanyar da suka wajaba tun kafin ranar tashi, kuma aikin nazarin taswira ya ninka a kan mahayi.

Waɗansu kuma, daga cikin masu shiryawa, kan ce ba za su fitar da hanya ba sai hukuma ta ba da izinin ƙarshe, don kada su faɗi abu ya sauya. Uzurin yana da ƙarfi, sai dai maganinsa mai sauƙi ne: a fitar da hanyar wucin gadi a rubuta a kanta cewa ta wucin gadi ce, in an sami sauyi a fitar da gyara da kwanan watansa, a kuma aika wa kowane mai rajista. Da babu gara ba daɗi, kuma shirun ƙungiya shi ke haifar da taswirorin jita-jita.

Kammalawa

Ƙungiyar da ta karɓi kuɗin mutane ta tura su kan titi cikin dare ta ɗauki amana, kashi na farko na amanar kuwa shi ne ta faɗa musu hanya, da wuri, a rubuce, ba tare da ragi ba. Mahayin da aka ba bayanin ya ƙi karantawa, ya jingina da na'ura ko da fitilar na gaba, ba shi da wanda zai zarga idan ya tarar an rufe zango. Abin da ya kamace shi ba shi da yawa: ya ɗauki bayanin daga hannun ƙungiya, ya duba kwanan watan da ke jikinsa, ya karanta shi tare da taswira, ya ɗora shi a na'ura, sa'an nan ya rubuta jerin garuruwa da lokutan zanguna a 'yar takarda ya naɗe a leda ya sa a aljihu. Tun ran gini ake zane.