Kakar 2021 ta Nasarawa United: wa ya rubuta mana ita?



Shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Bukan Sidi ko Tudun Gwandara ka tambayi matasa shekarar da Arsenal ta gama kaka ba a doke ta ba. Kafin ka rufe baki za su ce maka 2004, har su jero maka 'yan wasan. To, ka tambaye su a mataki na nawa Nasarawa United ta ƙare a 2021. Sai ka ga ana kallon juna. Ga filin wasan nan a tsakiyar garinmu, amma labarinsa ya fi na Landan nisa da mu.

Bari mu tuna wa juna. Kakar 2020/21 ta fara ne a ƙarshen Disambar 2020, cikin dokokin korona, lokacin da aka hana 'yan kallo shiga filaye. Watau wani babban ɓangare na kakar ma ba mu gan shi da idonmu ba, sai dai a rediyo da waya. A ƙarƙashin koci Bala Nikyu, ƙungiyar ta yi ta gogayya da manya har ta ƙare kusa da saman teburi, a bayan Akwa United da ta ɗauki kofi, da Rivers United da Enyimba. Silas Nwankwo ya zura ƙwallo 19, babu wanda ya fi shi a gasar, Charles Atshimene na Akwa United ne kaɗai ya kamo shi. Sannan a watan Agusta muka je wasan ƙarshe na kofin Aiteo a birnin Benin. Abokiyar karawarmu Bayelsa United ce, wadda a lokacin take rukuni na biyu. Da yawanmu mun riga mun ɗauki kofin a zuci. Aka tashi 2-2, aka je bugun fenariti, suka ci 4-3.

Abin da ya fi ciwo shi ne ba wannan ne karo na farko ba. A 2016, a Legas, FC Ifeanyi Ubah ta raba mu da wannan kofi, shi ma a bugun fenariti. Wasan ƙarshe biyu cikin shekara biyar, duka a fenariti. Wani zai ce rabo ne, mun kuwa yarda da rabo. Amma da akwai wanda ya zauna ya rubuta yadda aka yi a 2016, wa ya buga, wa ya ɓarar, wane shiri aka yi, da wanda ya zo a 2021 ya sami abin dubawa.

Bayan nan kowa ya san yadda ta kaya. Nwankwo ya tafi ƙungiyar Mjällby a Suwidin, kuma ba laifinsa ba ne, kowa na neman gaba. A 2023, shekara biyu kacal bayan muna cikin na sama a ƙasa, Nasarawa United ta faɗa rukuni na biyu. Ta dawo a 2024, alhamdu lillahi. Amma yadda aka yi aka gangaro daga can sama zuwa ƙasa cikin kaka biyu, kowa da nasa labarin a majalisar mai shayi, babu biyu da suka zo ɗaya.

Wasu 'yan uwanmu da ke karatu a Amurka sukan ba mu labarin ƙwallonsu ta jami'o'i, wadda ake rungumar ƙwallon a gudu da ita, an sa hular kwano. Wasa na farko tsakanin jami'o'i an buga shi a 1869, Rutgers ta ci Princeton 6-4, kuma har yau sakamakon na nan a rubuce. Ka ɗauki ƙaramar jami'a ka nemi kakarta ta shekara saba'in baya, za ka ga sunan koci, ranar kowane wasa, da yadda aka tashi. Wasan nasu bai dame mu ba, gaskiya ko dokokinsa ba mu gane ba. Wannan ɗabi'a ta adanawa ce ta tsaya mana a rai. Yawanci jaridun ɗalibai da ofisoshin makarantun ne suka fara aikin, ba wasu attajirai ba.

Mu ma muna da Jami'ar Tarayya a nan Lafiya tun 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha, ga ta aikin gona. Duk shekara 'ya'yanmu na yawon neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ga ƙungiyar da aka kafa a 2003, ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka a 2007, ta koma gasar Afirka a 2016. Ga Nasarawa Amazons da ta ɗauki kofin gasar mata ta ƙasa. Tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa da direbobin da suka yi ta jigilar su suna nan da ransu, muna haɗuwa da su a kasuwa da wuraren ɗaurin aure.

Kada a ɗauka maganar sha'awa ce kawai. Da kuɗin gwamnatin jiha ake tafiyar da ƙungiyar nan, watau kuɗinmu. Wanda bai san inda aka tsaya a 2021 ba, ba shi da bakin tambayar me ya faru a 2023. In ya tashi magana sai a ce masa ai haka ƙwallo take, ya yi shiru.

Don haka muna roƙon shugabanninmu su sa wannan batu a taro mai zuwa, mu fara da kaka ɗaya tak, ta 2020/21. Duk mai hoto, ko tsohuwar riga, ko sautin sharhin rediyo a wayarsa, ko wanda ya bi mota har Benin a ranar nan, ya yi mana magana a ƙarƙashin wannan rubutu. Muna kuma neman ɗalibai biyu ko uku da za su ɗauki biro da waya su zauna da waɗannan mutane tun ana iya samunsu.