Kafin ka zuba kuɗin sallamarka a bashin gina plaza a Abuja

Duk wanda ya ratsa Wuse II ko Jabi ya ga gine-ginen shaguna da ofisoshi da suka tsaya a hawa na biyu, rodi ya yi tsatsa, ya san garin nan na fama da ƙishirwar jari. Shi ya sa wasu ma'aikatan tarayya da ke dab da ajiye aiki suke burin kafa kamfaninsu na samar wa masu irin waɗannan gine-gine kuɗi. Ra'ayina shi ne su shiga, amma su fara a matsayin dillalai masu haɗa mai gini da mai kuɗi, kada su taɓa nasu kuɗin sallamar.

Plaza takan ɗauki shekaru kafin haya ta mayar da abin da aka kashe, alhali a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. Mai ginin da ya ci bashi a kan wannan ma'auni, ko ya yi niyyar biya, lissafi ne zai kayar da shi. Banki na iya jure bashi ɗaya da ya maƙale. Ɗan fansho ba zai iya ba. Ga shi kuma kamfanin bayar da bashi sai da lasisin Babban Banki.

Jarin dillali na gaskiya sanin takarda ne. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce jingina ba ta tabbata sai da amincewar gwamna, a Abuja kuwa ta Ministan Babban Birnin Tarayya. Wanda ya iya binciken fayil a AGIS, ya gano filin da ake bin sa harajin ƙasa ko wanda aka riga aka jinginar, shi ne bankuna za su saurara. A 2025 an soke dubban takardun filaye a Abuja saboda wannan haraji. Ya kuma dace ya laƙanci ijara da musharaka, domin akwai masu ginin da ba su karɓar bashi da ruwa, kuma Jaiz da TAJBank a nan garin hedkwatarsu take.

Masu taimaka wa manya kuwa, da ke ganin lambobin wayar da suka tara su ne jarinsu, su koma ga Jadawali na Biyar na Tsarin Mulki. Ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Yi wa kamfani rajista da sunan uwargida ba ya wanke mutum idan daga ofis yake juya shi.