Zauren Glover: Yanke Ƙyalle Ba Ya Hana Rufi Yoyo

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutanenmu: tsohon ginin jama'a in ya lalace, gwamnati ta zo ta zuba kuɗi, a ba da kwangila, a yanke ƙyalle, kowa ya kama gabansa. Ni ban yarda ba. Wannan tunanin shi ne yake kashe gine-ginen.

Ɗauki zauren Glover da ke titin Kwastam a tsibirin Legas, jifa kaɗan daga bakin ruwan Marina. An aza harsashinsa a 1887 don tunawa da Gwamna John Glover, wanda ya tara Hausawa a 1863 ya kafa rundunar da sojojin Najeriya suke ƙirga asalinsu daga gare ta. A nan aka fara haska majigi a ƙasar nan a 1903, a nan Hubert Ogunde ya nuna wasansa a 1944. An rushe ginin farko, aka ɗora wani a farkon shekarun 1960. Shi ma ya tsufa, gwamnatin jihar ta gyara, Gwamna Sanwo-Olu ya buɗe a 2021. An yi tafi. To, sai me?

Teku ba ta san an yi biki ba. Iskarta ɗauke take da gishiri, gishirin ya ratsa siminti ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga bangon daga ciki. Kafin ka ga jan zane yana gangarowa a kan fenti, aikin gama ya gama. Ga indararo da ganye ya toshe, ruwan damina ya kwanta a kan rufi, silin ya fara baƙi a kusurwa. Maganin wannan duka mutum ɗaya ne da tsani da bokitin fenti, wanda albashinsa ba ya makara. Amma wane gwamna ne zai kira 'yan jarida su ɗauki hoton share indararo? Babbar kwangila ita ke da allon suna, shi ya sa ake barin gini ya kai gargara.

Wasu za su ce ginin tarihi ba kasuwa ba ne, bai kamata a nemi kuɗi da shi ba. Maganar da daɗin ji, amma mai dizal ba ya karɓar tarihi. Zauren da ba a haya, ba a biki, ba a wasa a cikinsa, ɓera ne zai gaje shi. Miƙa ragamar zauren ga kamfanin Joke Silva da Olu Jacobs, masu sana'ar wasan kwaikwayo da kansu, mataki ne mai kyau, sai dai bai isa ba.

Tun ran gini tun ran zane. Ranar da aka sa hannu a kwangilar gyara, ranar ya kamata a buɗe asusun kula da gini, irin tsarin waƙafi da muka sani: wani kaso na kowace haya ya shiga, amintattu daga mutanen gari su riƙe, ba a taɓa shi sai don rufi da waya da famfo, a kuma liƙa lissafinsa a ƙofa duk shekara. Ya kamata majalisar dokokin jihar Legas ta mayar da wannan doka, kuma kada ta sake amincewa da kuɗin gyaran wani zaure in babu shi.