Ƙwayoyin ɓargo: Abin da aka gani a jikin ɓeraye bai kai a sayar wa majinyata ba

Idan aka ɗebo ƙwayoyin halitta na asali daga ɓargon ƙashi aka zuba su a jijiyar ɓeran da ke da rauni, wasunsu kan bi jini har su isa inda ciwon yake. Naman da ya kumbura yana fitar da sinadarai, ciki har da wanda ake kira SDF-1, su kuma ƙwayoyin suna da wata mariƙa mai suna CXCR4 da ke amsa wannan kira. Sai su rage gudu, su manne a bangon jijiya, su kutsa cikin naman, kusan yadda fararen ƙwayoyin jini ke yi.

Sai dai 'yan ƙalilan ne ke isa. Mafi yawa kan maƙale a ƙananan jijiyoyin huhu saboda girmansu, cikin 'yan kwanaki kuma su ɓace. A 2009 tawagar Darwin Prockop a Amurka ta nuna cewa zuciyar ɓerayen da suka samu bugun zuciya ta yi sauƙi duk da haka, domin ƙwayoyin da suka maƙale a huhu sun riƙa fitar da sinadarin TSG-6 mai rage kumburi. Wato ba sabon nama suka gina ba, saƙo suka aika.

An taɓa yin gaggawa a wannan fanni, kuma ba ta yi kyau ba. A 2001 Piero Anversa da abokan aikinsa suka ce ƙwayoyin ɓargo na rikiɗewa su zama tsokar zuciyar ɓera. A 2004 wasu tawagogi biyu suka gwada, ba su ga haka ba. A 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye maƙaloli 31 na ɗakin bincikensa, bayan an riga an kashe maƙudan kuɗi an kuma gwada a jikin mutane.

Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye. Dashen ɓargo ga masu cutar sikila magani ne tabbatacce, an fara yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin tun 2011, kuma a can ƙwayoyin da ke haifar da jini ne ake dasawa su koma cikin ƙashi. Allurar da ake tallatawa a Facebook da sunan maganin ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki da ciwon gaɓoɓi wani abu ne daban, kamar sunan ne kawai ke ruɗar jama'a. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ma sai a Disamban 2024 ta amince da irin waɗannan ƙwayoyi a karon farko, don wata matsala guda da ke samun yara bayan dashe.

Ya kamata NAFDAC da majalisar kula da aikin likitoci su tilasta wa duk mai irin wannan talla ya nuna sakamakon gwaji a kan mutane, ba ɓeraye ba, kafin ya karɓi ko sisin majinyaci.