RUWAN DA DUNIYAR MARS TA RASA

Duk sa'ad da rediyo ta ba da labarin kumbon da Amurka ta harba duniyar Mars, sai ka ji mutanen Arewa a Sabo ta Ibadan ko Agege suna cewa, "Aikin banza, kuɗi ne suka yi musu yawa." To, wannan magana tana bukatar a sake dubanta.

A 1972 kumbon Mariner 9 ya aiko da hotunan busassun kwaruruka masu kama da hanyar kogi. A 2012 wata mota mai sarrafa kanta, wai ita Curiosity, ta sauka can, ta tarar da tsakuwa mai sulɓi, irin wadda ruwa mai gudu ne kaɗai ke goge ta haka. Ashe fiye da shekara miliyan dubu 3 da suka wuce akwai koguna da tafkuna a Mars. Yau kuwa sai ƙanƙara da jar ƙura.

Shin ina ruwan ya tafi? Wani ya tsere sama, wani kuma duwatsu suka shanye, ba su sake amayar da shi ba. A nan fa duniyar 'yan Adam ta bambanta. Ɓawonta a tsage yake kamar fasasshiyar ƙwarya, manyan falale ne da ke tafiya a hankali, gwargwadon tsirowar farce. Inda biyu suka haɗu, ɗaya yakan nutse ƙarƙashin ɗan'uwansa da ruwan da ya sha, daga baya duwatsu masu aman wuta su mayar da shi sama ya zama tururi. Ɓawon Mars kuwa guda ne, ba ya motsi, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Watau motsin nan da ke kawo girgizar ƙasa, wanda kowa ke tsoro, yana cikin abubuwan da ke riƙe wa duniya ruwanta.

Da wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya ce nahiyoyi na tafiya a 1912, dariya aka yi masa. Ya mutu a 1930, sai bayan shekara 30 da ɗoriya masana suka yarda.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen nesa ne. Gaɓar tekun da Ikko take kai a dā manne take da ƙasar Barazil. Lokacin da suka rabu, fiye da shekara miliyan 100 ke nan, wata tsaga ta nausa cikin ƙasa amma ba ta kai ga raba ta ba, ita ce kwarin Binuwai da fatake ke tsallakewa a gadar Makurɗi. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina ta Sakkwato ma shimfiɗar tsohon teku ce.

Ilmin da ke karanta tarihin ruwa a jikin dutsen Mars, shi ne dai ke nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse a Gumel ko Nguru ba tare da an yi asarar kuɗin jama'a ba. Amma sau da yawa uba yakan cire yaro daga makaranta ya zaunar da shi a rumfar goro ko kara, in ma ya bar shi, likita ko lauya kawai yake so. Jami'ar Ibadan na da sashen ilmin duwatsu, haka ma ta Ahmadu Bello a Zariya. Yaron da ke ƙaunar lissafi da labarin ƙasa, ya kamata iyayensa su kai shi ya ga wurin da idonsa.