RA'AYINMU: Kayan Da Ba Ya Gyaruwa Asara Ce

Duk wanda ya bi hanyoyin karkara a ƙasar nan zai iya cin karo da tsohuwar mota Peugeot 504 tana ɗauke da mutane da buhunan hatsi zuwa kasuwa. Wannan mota an fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta daɗe tana harhaɗa ta. Wasunsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Amma wayar hannu da ke aljihun wannan direban, da wuya ta cika shekara uku ba ta fara ba shi wahala ba. Lalle wannan abin dubawa ne, musamman yanzu da kuɗi ya yi wuya.

Ba wani sihiri ya sa waccan mota ta yi ƙarko ba. Injinta ba shi da sarƙaƙiya, kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuwa ana samunsu daga Panteka ta Kaduna har Ƙofar Ruwa ta Kano. Ko a Amurka, inda ake zaton kowa sabuwa yake hawa, matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi ya haura 12. Watau mota tana daɗewa ne idan ana canja mata baƙin mai a kan kari, kuma idan abin da ya lalace yana da madadi.

Al'amarin waya dabam ne. Batirinta yana raguwa da kowane caji, har wasu kamfanoni sukan ce bayan cikakken caji 500 sai ya koma kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Ga mai caji kullum, wannan bai kai shekara biyu ba. Da can mutum yakan buɗe bayan waya da farce ya sa sabon batir. Yau an manne shi a ciki da gam. Bayan haka kuma, idan kamfani ya daina aiko wa waya sabuwar manhaja, sai ka ga manhajar banki ta ƙi buɗewa, alhali jikin wayar lafiya lau. A 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyin da batirinsu ya yi rauni, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu saye ba.

Wannan ya nuna cewa gajeren rayuwar waya ba ƙaddara ba ce, shawara ce da masu ƙira suka yanke, kuma doka tana iya sa su canja ta. Tun daga watan Yuni na 2025 Tarayyar Turai ta wajabta cewa batirin duk sabuwar wayar da za a sayar a can ya jure caji 800, a samar da kayan gyara har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin, manhaja kuma a ci gaba da sabunta ta aƙalla shekara 5. Kamfanonin Google da Samsung ma sun yi alkawarin shekara 7 na manhaja ga manyan wayoyinsu. Abin da aka iya yi wa Bature, ba mu ga dalilin da zai hana a yi wa ɗan Nijeriya ba.

Mu ne ma muka fi bukata. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, sayen sabuwar waya ko mota ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata. Yawancin motocin da ke shigowa ƙasar nan kuwa sun riga sun ci rabin rayuwarsu a waje, kuma na zamani cike suke da na'urorin kwamfuta waɗanda bakaniken da ya koyi aiki da sifana kaɗai ba zai iya gane ciwonsu ba. Abin da ya mutu kuma a bolarmu yake ƙarewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba da aka sake sarrafawa yadda ya kamata.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, da Hukumar Sadarwa, da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, su haɗa kai su hana shigo da duk wata waya ko mota wadda dillalinta bai tanadi kayan gyara da takardar garanti ba. Gwamnatocin jihohi kuma su farfaɗo da makarantun koyon sana'a, domin samarin da ke gyaran waya a Farm Centre da bakanikanmu su sami horo da kayan aikin zamani.

Jama'a ma da nasu. Araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ka biya, tambayi ko ana samun batir da gilashi. Kada kuma yayi ya sa ka jefar da abin da canjin batir kaɗai zai tayar. Allah Ya sa mu gane.